Tsoron Kyamarar Ciki Yana da Magani

[Kiɗan buɗe shiri]

   

Yau shirin namu zai tsaya a kan wani gwaji da jama'a ke gudu tun ba su san yadda ake yin sa ba, wato endoskofi, wanda aka fi sani da zura kyamara cikin ciki ta baki. Za mu fi ba da ƙarfi ga maganin da ake ba mutum kafin a fara, domin ya rage masa fargaba da wahala. Wane magani ne? Yaya yake aiki? Wa ya dace a ba shi, wa kuma ya kamata a yi kaffa-kaffa da shi? Sai ku gyara zama, ku kira na kusa da ku, musamman wanda ya daɗe yana fama da ciwon ciki.

[Kiɗa a taƙaice]

Da wuya ka shiga gida a garuruwanmu ba ka tarar da mai cewa yana da olsa ba. Mutum zai yi shekara da shekaru yana sayen magani a kemis, in ciwo ya lafa ya ajiye, in ya tashi ya koma. Ranar da ya je asibiti likita ya ce sai an leƙa cikin an gani, sai ya karɓi takarda ya cusa a aljihu, daga nan ba a ƙara ganin ƙeyarsa. In ka tambayi dalili, wani zai ce maka kuɗi, kuma yana da gaskiya, gwajin ba shi da araha. Amma da yawa tsoro ne ke hana su. An ce tiyo ake cusa wa mutum har ciki. An ce numfashi ɗaukewa yake yi. An ce in aka yi maka allurar barcin ba lallai ne ka farka ba.

Wannan tsoro yana jawo asarar rayuka, domin ba kowane ciwon ciki ne olsa ba. Wani ƙwannafi ne ya ƙona masa hanyar abinci. Wani jijiyoyin jini ne suka kumbura a hanyar abincinsa saboda ciwon hanta, suna jiran ranar fashewa. Wani kuma kansa ce ke tasowa, wadda in an gan ta da wuri ana iya yin wani abu a kanta. Duk waɗannan suna iya zuwa da alamu masu kama da juna, kuma gani ya kori ji. Idan mutum yana wahalar haɗiye abinci, ko yana rama ba dalili, ko yana aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi wuluk, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jininsa yana ta raguwa, to lokacin jinkiri ya wuce. Manyan asibitocinmu na koyarwa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, suna yin wannan gwaji, haka ma wasu asibitocin kuɗi.

To, yaya gwajin yake? Na'urar wata siririyar igiya ce mai lanƙwasa, kaurinta kimanin milimita 9 zuwa 10, da fitila da kyamara a bakinta. Za a kwantar da kai ta gefen hagu, a sa maka wata roba tsakanin haƙora don kada ka ciji na'urar. Likita zai bi da ita ta bayan harshe, ta gangara hanyar abinci, ta shiga tumbi, ta kai farkon ƙaramin hanji, yana kallon komai a allon talabijin. Ana hura iska kaɗan don ciki ya buɗe, shi ya sa za ka ji kumburi kana gyatsa, kuma babu kunya a cikin wannan. In akwai buƙata za a tsinko ɗan ƙanƙanin nama a kai ɗakin gwaje-gwaje, ba kuwa za ka ji zafin tsinkowar ba. In dubawa kawai za a yi, yawanci minti 5 zuwa 10 an gama.

Ku riƙe wannan da kyau: hanyar abinci daban, hanyar numfashi daban. Na'urar ba ta shiga hanyar numfashi, saboda haka iska tana shiga tana fita kamar kullum. Abin da ke wahalar da mutum shi ne kakarin amai lokacin da igiyar ke wuce maƙogwaro, sai kuma firgici. Firgicin ma ya fi, domin mai fargaba yana ɗaure jikinsa, yana riƙe numfashi, yana kai hannu zai fizge na'urar. Likita kuma sai ya yi sauri ya gama, a cikin saurin nan yana iya tsallake ƙaramin ciwon da aka zo nema.

Likitoci sun daɗe suna fama da wannan matsala. A shekarar 1868, wani likitan Jamus mai suna Adolf Kussmaul ya leƙa cikin tumbin ɗan Adam da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, kuma wanda aka gwada abin a kansa ɗan wasa ne da sana'arsa ita ce haɗiye takobi. A 1932 Rudolf Schindler ya fito da na'urar da rabinta ke lanƙwasa. Sai a 1957 Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya samar da mai lanƙwasa gaba ɗaya, shi ne ma ya fara haɗiye ta da kansa kafin ya gwada a kan majinyaci. Na'urar ta yi laushi, ta yi siranta, amma maƙogwaron ɗan Adam yana nan yadda Allah ya halicce shi, ba ya son baƙon abu. Wannan ne ya sa aka nemi magungunan sauƙaƙa wa mutum.

Hanya ta farko ita ce feshin maƙogwaro. Ana fesa wani magani mai suna lidoken a bayan baki. Yana da ɗaci, kuma cikin 'yan mintuna za ka ji maƙogwaro ya yi nauyi kamar ba naka ba. Da wannan kaɗai mutane da yawa suke yin gwajin lafiya lau, idonsu biyu, suna jin likita yana yi musu bayani. Amfaninsa a fili yake: babu magagi, babu jiran farfaɗowa, kana iya komawa harkokinka a ranar. Sharaɗinsa guda ne, kada ka ci kada ka sha har sai maƙogwaro ya dawo daidai, wato kimanin awa ɗaya, don kada ka ƙware.

Hanya ta biyu ita ce allurar kwantar da hankali ta jijiya. A nan sai mu natsu, domin mutane suna haɗa ta da allurar barcin tiyata, alhali akwai bambanci. Masana sun kasa abin mataki huɗu. A mataki na farko hankalinka ya kwanta, amma kana hira kamar kowa. A na biyu kana gyangyaɗi, amma in an kira sunanka ko an ɗan taɓa ka za ka amsa, kana kuma numfashi da kanka ba tare da taimako ba. Wannan matakin ne aka fi nema a endoskofi. A na uku barci ya yi nauyi, sai an girgiza ka sosai kake motsi, numfashinka kuma yana iya buƙatar tallafi. Na huɗu shi ne cikakken barcin tiyata.

Babu katanga tsakanin waɗannan matakai. Abin kamar shiga kogi ne daga gaɓa: kana tsaye ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka ji shi iya wuya. Adadin maganin da ya sa saurayi gyangyaɗi kawai, shi ne zai iya kai dattijo ga barci mai nauyi. Don haka ƙa'idar likitoci ita ce, duk mai ba da wannan magani dole ya iya ceto majinyaci in ya zarce matakin da aka nufa.

Ɗaya daga cikin magungunan da aka fi amfani da su a duniya don wannan aiki shi ne midazolam. Kamfanin Roche ne ya samar da shi a shekarun 1970, kuma dangin dayazefam ne, wanda jama'a suka fi sani da Valium. An fi son midazolam saboda yana kamawa cikin minti 1 zuwa 2, yana kuma barin jiki da wuri, ba kamar dayazefam ba da ke daɗewa a jiki har washegari. Yana kwantar da hankali, yana sa gyangyaɗi, sannan yana da wata siffa ta musamman: yana hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ya faru bayan an yi allurar. Shi ya sa za ka ga an gama gwaji, majinyaci ya buɗe ido yana tambaya yaushe za a fara. Bai manta sunansa ko iyalinsa ko karatunsa ba, 'yan mintunan nan ne kawai ba su zauna ba.

Yadda ake ba da shi yana da muhimmanci ƙwarai. Ba a ɗura shi gaba ɗaya. Ana fara wa babban mutum da miligiram 1 ko 2, a dakata 'yan mintuna a ga yadda jiki ya karɓa, sannan a ƙara kaɗan in da buƙata. Tsoho kuwa rabin wannan ko ƙasa da haka ake fara masa da shi.

Midazolam ba ya kashe zafi. Saboda haka in aikin zai yi tsawo ko zai yi ciwo, misali ɗaure jijiyoyin da suka kumbura ko buɗa hanyar abinci da ta tsuke, akan haɗa shi da maganin kashe zafi mai ƙarfi irin su fentanil ko fetidin. Sai dai in magungunan nan biyu suka haɗu suna ƙara wa juna ƙarfi, kuma dukkansu suna rage numfashi, don haka dole a rage adadin kowanne. Abin farin ciki, kowannensu yana da makari. Makarin midazolam shi ne fulumazenil, na fentanil da fetidin kuma naloksun. Amma makarin yana iya ƙarewa a jiki kafin maganin ya ƙare, mutum ya farka sannan ya sake komawa barci. Wannan ya sa ba a sallamar wanda aka yi wa makari da gaggawa.

Hanya ta uku ita ce furofofol, wani farin ruwa mai launin madara da aka fara amfani da shi a Birtaniya a 1986. Yana sa barci cikin ƙasa da minti ɗaya, mutum kuma yana farkawa garau cikin ɗan lokaci, shi ya sa majinyata da likitoci suke yaba shi. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke sa barci da wanda ke tsayar da numfashi kaɗan ce, yana saukar da bugun jini, kuma ba shi da makari. Saboda haka a ƙasashe da yawa likitan sa barci ne, ko ma'aikacin da aka horar musamman, yake ba da shi, ba ya kuma yin wani aiki sai kallon majinyaci. Da yawanku kun ji labarin rasuwar mawaƙin Amurka Michael Jackson a 2009. Furofofol ne ya yi ajalinsa, an ba shi a gida don ya samu barci, tare da wasu magungunan kwantar da hankali, ba tare da kulawar da ta dace ba, har kotu ta kama likitansa da laifi a 2011. Maganin nan da ake amfani da shi lafiya a ɗakunan tiyata kullum, shi ne ya zama guba da aka rasa mai sa ido.

[Hutun kiɗa]

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan maganin kwantar da hankali da ake bayarwa kafin gwajin kyamarar ciki.

Bari mu fuskanci tambayar da ke zuciyar kowa: shin akwai haɗari? Akwai, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Babban haɗarin shi ne numfashi ya ragu, iskar oksijin ta yi ƙasa a jini. A 1995 an wallafa wani bincike da aka yi a yankuna biyu na Ingila, wanda ya bi diddigin gwaje-gwajen endoskofi sama da 14,000. An samu kimanin mutum 1 cikin 2,000 ya rasu, kuma matsalolin numfashi da zuciya ne suka fi yawa. Binciken ya nuna ana ba wasu magani fiye da kima, ba a kuma sa ido a kansu yadda ya kamata. Abin da ya biyo baya shi ne darasin. An tsaurara ƙa'idoji, an rage adadin maganin da ake bayarwa musamman ga tsofaffi, an wajabta sa na'urar auna oksijin, an kuma ce dole a samu ma'aikacin jinya da aikinsa shi ne lura da majinyaci. A yau, inda ake bin waɗannan ƙa'idoji, mummunar matsala ba kasafai take faruwa ba.

Saboda haka in za a yi maka allurar, ga abin da ya kamata idonka ya gani a ɗakin. A sa maka kanula a jijiyar hannu, ta zauna har ka farfaɗo. A maƙala maka wata 'yar na'ura a yatsa mai auna oksijin da bugun zuciya. A auna hawan jininka. A samu tukunyar oksijin da 'yar robar da ake sawa a hanci, da injin zuƙe yawu, da makarin magani a kusa. A samu nas a wajen kanka, ban da likitan da ke riƙe da kyamara. Tambayar ko akwai waɗannan ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne, kuma likitan kirki zai amsa maka da sakin fuska. In babu su, feshin maƙogwaro kaɗai ya fi maka aminci.

Iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata, ga wata 'yar tunatarwa. Na'urar yatsan nan da haske take aiki, kuma baƙin lalle da jan farce suna iya hana ta karatu daidai. In an ba ki ranar gwaji, ki bar ko da yatsa ɗaya ba ƙunshi.

Tanadin waɗancan kayan aiki nauyin asibiti ne. Kai ma majinyaci akwai nauyi uku a kanka.

Na farko, faɗin gaskiya. Ka gaya wa likita shekarunka na ainihi. Ka faɗa masa in kana da ciwon zuciya, asma ko wani ciwon huhu, ciwon ƙoda, ciwon suga, hawan jini ko sikila. Mai ciwon hanta ya faɗa tun da wuri, domin hanta ce ke narkar da midazolam, in ta yi rauni maganin yana daɗewa a jiki, har yana iya rikita tunani. In kana minshari mai ƙarfi, ko iyalinka sun ce numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, wannan babban bayani ne, domin irin wannan maƙogwaro ya fi saurin toshewa in magani ya kama. Mai juna biyu, ko wadda take zaton tana da shi, da mai shayarwa, su faɗa. In wani magani ya taɓa ba ka matsala, ko an taɓa yi maka allurar barci ka sha wuya, ka faɗa. Ka zo da dukkan magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya, musamman masu tsinka jini irin su warfarin. Maganin olsa irin su omefirazol ma a sanar da likita, domin yana iya ɓoye ƙwayar cutar da ke haddasa olsa, wani lokaci akan ce a dakatar da shi mako biyu kafin gwaji.

Sannan ga magana mai nauyi, ga matasanmu da ma manya. In kana shan taramadol, ko kodin, ko ƙwayar barci, ko giya, don Allah ka gaya wa likita a keɓe. Ɗakin likita ba ofishin 'yan sanda ba ne, kuma sirrinka amana ce a wuyansa. Jikin da ya saba da waɗannan abubuwa yana iya ƙin karɓar adadin da aka saba bayarwa, mutum ya yi ta fizge-fizge maimakon ya natsu. In kuma akwai ragowarsu a jini, suna haɗuwa da allurar su danne numfashi. Kunyar minti ɗaya ba ta kai ranka ba.

Nauyi na biyu, zuwa da ciki babu komai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a daina cin abinci aƙalla awa 6 kafin gwaji, ruwa zalla kuma ana iya kurɓa har zuwa awa 2 kafin a fara, sai dai in asibitinku ya ba da wani umarni daban. Koko, kunu, fura, nono da shayi mai madara duk abinci ne, ba ruwa ba. Goro ma a haƙura da shi. Dalili biyu ne: abinci yana rufe wa kyamara gani, sannan wanda magani ya kama in ya yi amai, aman yana iya gangarawa huhu ya haifar da ciwo mai tsanani. In ka manta ka ci wani abu, ka faɗa, a ɗaga maka lokaci. Mai ciwon suga ya nemi a sa shi da sassafe, ya kuma tambayi yadda zai yi da allurarsa ko ƙwayoyinsa a ranar. Mai haƙoran roba ya cire su kafin a fara.

Nauyi na uku, ɗan rakiya. Ka zo da babban mutum mai hankali da zai mai da kai gida, ya kuma kwana kusa da kai. Bayan gwaji za a ajiye ka kimanin rabin awa zuwa awa ɗaya ana lura da kai. Za ka tashi ka ji kamar ka warware sarai, alhali maganin bai gama barin ƙwaƙwalwa ba. Don haka har tsawon awa 24 ba tuƙin mota, ba hawa babur, ba jan adaidaita sahu, ba aiki da injin niƙa ko na walda, ba hawa gini. Uwa kada ta tsaya girki a kan wuta, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Ɗan kasuwa kada ya ƙulla ciniki, ko ya sa hannu a takarda, ko ya tura kuɗi ta waya. Kuma tun da maganin yana hana tuna abin da aka faɗa, ɗan rakiyarka ya tsaya ya ji bayanin likita, a kuma karɓi sakamakon a rubuce.

Akwai wasu tambayoyi da mutane ke jin nauyin yi a gaban likita, bari mu amsa su a nan.

Shin in magani ya kama ni zan yi ta surutu ina tona asirina? Yawancin mutane shiru suke yi suna gyangyaɗi. Ga kuma roba da na'ura a baki, babu halin hira. Ma'aikatan lafiya kuma doka da amanar aiki sun hana su fitar da abin da suka gani ko suka ji.

Shin allura ɗaya za ta sa in kamu da shaye-shaye? A'a. Sabo yana zuwa ne daga sha a kai a kai, ba daga allura guda da aka yi a asibiti ba.

Mace kuma tana tambayar suturarta. Gwajin nan ta baki ake yi, babu buƙatar tuɓe kaya, sai dai a sassauta abin da ya matse wuya. Kina da damar neman ma'aikaciyar jinya mace ta tsaya tare da ke daga farko har ki farfaɗo.

Batun azumi kuwa, in gwajin ba na gaggawa ba ne, a tattauna da likita a kan ranar da ta fi dacewa, a kuma nemi fatawar malamai. In kuwa jini ne ke zuba, ceton rai ba ya jira.

Bayan an koma gida, ɗan kaikayin maƙogwaro da kumburin ciki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma in aka ga ciwon ƙirji ko na ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko wahalar numfashi, ko barcin da aka kasa tayar da mutum daga gare shi, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

To, wanne za ka zaɓa, feshi ko allura? Babu amsa guda ga kowa. A Amurka kusan kowa da allura ake yi masa, a wasu ƙasashen Turai da Asiya kuwa mutane da yawa feshi kawai suke karɓa. Wanda ke da saurin kakarin amai, ko fargabarsa ta yi yawa, ko ya taɓa gwadawa ya kasa, ko aikin da za a yi masa mai tsawo ne, allura rahama ce gare shi, kuma neman ta ba ragwanci ba ne. Dattijo mai rauni, da mai ciwon huhu ko zuciya, da wanda ba shi da ɗan rakiya, sau da yawa feshi ya fi musu. Ƙananan yara kuwa sha'aninsu daban ne, yawanci likitan sa barci ne ke kula da su. Wasu asibitocin suna da siririyar na'ura mai kaurin milimita 5 zuwa 6 da ake bi da ita ta hanci, wadda ba ta cika tayar da amai ba, sai ka tambaya ko akwai.

In feshi ka zaɓa, ga abin da ke taimakawa: ka saki kafaɗunka, ka riƙa jan numfashi a hankali kana saki a hankali, ka bar yawu ya zuba kada ka yi ƙoƙarin haɗiye shi, ka shagaltar da zuciyarka da ambaton Allah. Ku yi yarjejeniya da likita tun farko cewa in ka ɗaga hannu zai dakata. Sakan kaɗan na farko ne masu wuya, da na'urar ta wuce maƙogwaro abin yana sauƙi.

Ga 'yan uwanmu ma'aikatan lafiya da ke saurare, muna roƙonku ku ba majinyaci 'yan mintuna na bayani da harshen da yake ji kafin ya sa hannu a takardar amincewa. Wanda aka yi wa bayani ya fahimta yana shiga ɗakin da rabin tsoronsa, wani ma ba ya buƙatar allurar sam.

Jama'a, in akwai takardar gwajin nan a aljihunka ko a ƙarƙashin katifa, ka ɗauko ta a makon nan ka koma wurin likitanka. Ka tambaye shi abu uku: wane magani za a ba ni, wa zai lura da numfashina, me zan yi kafin in zo da bayan na tafi? In kuma mahaifinka ne ko matarka ko maƙwabcinka ke ta ɗaga ranar saboda tsoro, ka gaya masa abin da ka ji yau, ka kuma ce kai ne ɗan rakiyarsa.

A nan za mu dasa aya. Wannan shiri faɗakarwa ne, ba ya maye gurbin ganin likita.   

[Kiɗan rufe shiri]